Ƙera Ƙarfen Ado Don Lambun Baje Kolin Furanni: Daga Ina Ake Farawa?

Tambaya: Ni mai walda ne, aikina ƙofofi, tagogi da matakalar bene. Wata mai tsara lambuna ta ba ni kwangilar ƙera abin ado na ƙarfe, siffar manyan ganyaye uku da suka tashi daga tushe ɗaya, tsayinsa kamar mita biyu da rabi. Za a kafa shi a lambun da za ta shiga gasa da shi a wani baje kolin furanni nan da wata biyar. Ban taɓa irin wannan aiki ba. Wane ƙarfe ya fi dacewa, wane launi zan ba shi, kuma ta yaya zan kafa shi ya tsaya?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Wanda ya iya haɗa matakalar bene ta tsaya cak babu karkata, hannunsa ya isa ya yi wannan. Abin da ya rage maka shi ne sanin wurin da aikin zai je, domin wurin ne zai zaɓa maka ƙarfen, da kaurinsa, da yawan gutsattsarin da za ka raba shi. Saboda haka ka yi mini haƙuri, zan jinkirta zancen wane ƙarfe, in fara da ranar da mota za ta sauke maka kaya a filin baje kolin.

Lambun baje koli a filin aro ake gina shi, cikin gaggawa, a kalle shi kwanaki kaɗan, a rushe. Dubi na Chelsea a Landan, wanda ƙungiyar masu lambu ta RHS ke shiryawa tun 1913 a harabar gidan tsofaffin sojoji. Kwana biyar ake yi a watan Mayu, manyan lambuna ana ba su kusan mako uku na gini, sannan 'yan kwanaki na kwashe komai a mayar da filin yadda aka same shi. Naku ko bai kai wannan girma ba, tsarin bai canza ba. Da wuya a bar ka ka haƙa rami ka zuba kankare kamar yadda ka saba wa ginshiƙin ƙofa. Lokacinka a filin kaɗan ne, kuma kana raba shi da masu gini, masu ruwa, masu wuta da masu shuka, kowa da baro a hannu. Sannan 'yan kallo a mafi yawan irin waɗannan lambuna ba sa shiga ciki. A bayan igiya suke tsayawa, su kalla daga gefe ɗaya ko biyu.

Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. Kafin ka taɓa ƙarfe, ka karɓi taswirar lambun daga hajiyar da ta ba ka aikin, ta nuna maka inda igiyar take, da nisan da ke tsakaninta da wurin da ganyayenka za su tsaya, da abin da ke bayansu: shinge ne mai duhu, bango ne mai haske, ko sararin sama. Ka tambaye ta tsayin shuke-shuken da za su kewaye tushen. Idan ciyayin ado da furanni za su kai santimita 80, to kusan kashi ɗaya cikin uku na aikinka ya ɓuya, duk wata ƙwarewa da ka zuba a ƙasa babu mai ganinta. Idan mai kallo yana nesa da mita shida ko takwas, siraran jijiyoyin ganye da ka ɓata mako kana zanawa ba za su kai idonsa ba. Abin da yake gani shi ne siffar gaba ɗaya, da lanƙwasar bakin ganyen, da hasken da ke ratsa tsakaninsu.

Ka nemi kuma ta karanta maka bayanin da ta miƙa wa masu gasar. Alƙalai suna auna lambu ne da abin da mai shi ya ce zai yi. In ta rubuta cewa lambunta wurin natsuwa ne mai launuka masu sanyi, kai kuma ka kawo ƙarfe mai ƙyalli yana kashe ido, maki za ta rasa, komai kyawun waldarka. Baje kolin na furanni ne, kuma lambar yabon ta lambu ce. Aikinka ya yi nasara idan ya ja idon mai kallo ya shigar da shi cikin shukar, ya ba idon wurin hutawa, sannan ya sake shi.

A nan zan faɗa maka ra'ayina game da siffar ganye, tunda ita aka zaɓa. Ganyen ƙarfe da aka kwaikwayi na gaske ƙwarai, da jijiya da tsage-tsagen baki, idan aka ajiye shi kusa da ganye mai rai yana kaɗawa, sai ya zama gawa. Gara ka ɗauki abu ɗaya daga ganyen, misali yadda yake naɗewa kafin ya buɗe, ko yadda tsininsa ke sunkuyawa, ka girmama shi, ka watsar da sauran. Kada ganyaye ukun su zama tsayi ɗaya ko lanƙwasa ɗaya. Ka fara da ƙaramin samfuri na kwali da waya, santimita 25 a madadin mita biyu da rabi, ka kai mata. Bayan kun daidaita, ka yanka cikakken girmansa a falanki ko kwali mai kauri, ku tsayar da shi a waje, ku ja da baya daidai nisan igiyar. Abin da ya cika shago har ya tsorata ka, a ƙarƙashin sararin sama yakan tsuke ya zama ƙarami. Yinin da za ku ɓata a wannan gwajin ya fi kowane yini amfani a cikin wata biyar ɗin.

Yanzu sai tsayuwa, wadda ita ce ta fi damuna a duk tambayarka. Ganyen ƙarfe mai faɗi tarkon iska ne. Iska mai gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, tana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kusan kilo 25. Idan ta kai mita 30 a daƙiƙa, turin ya koma kusan kilo 55, domin ƙarfin iska yana tafiya ne da murabba'in gudunta: in gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. A ce ganyayenka uku sun haɗa murabba'in mita biyu, tsakiyarsu tana mita ɗaya da rabi sama da gindi. A wannan iska ta biyu, kilo 110 ke nan suna tura ka a tsayin mita ɗaya da rabi. Idan faifan da ka kafa aikin a kai yana da faɗin mita 1.2, nauyin da ke tsakiyarsa yana da santimita 60 ne kawai zuwa gefen da zai kife. Ka ninka 110 da 1.5, ka raba da 0.6, za ka sami kilo 275. Wannan shi ne nauyin da zai sa abin ya tsaya a bakin faɗuwa, ba wanda zai ba ka kwanciyar hankali ba. Da ƙarin rabi na kariya, ka haura kilo 400. Lissafin nan na kai-tsaye ne don ka ga girman al'amarin. Na gaskiya injiniyan gini zai yi maka shi ya sa hannu, kuma masu shirya baje koli da yawa sukan nemi wannan takarda ga duk abin da ya yi tsayi.

Daga ina kilo 400 zai fito? Fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 7.85 a kowane murabba'in mita. Faifan gindi na mita 1.2 a kowane gefe, mai kaurin milimita 10, ya ba ka kusan kilo 113. Ganyayen da sandunansu za su ƙara nasu. Sauran sai ka cika da bulon kankare ko guntayen ƙarfe da mutum biyu za su iya ɗagawa, a jera su a kan faifan, ƙasa ta rufe. Ita ma ƙasar da za a zuba a kai tana da nauyi sosai, sai dai kada ka sa ta cikin lissafinka, domin a ƙarshe take zuwa. Aikinka zai yi kwanaki a tsaye tsirara kafin masu shuka su iso, kuma iska ba ta jiran su. Idan kana son rage nauyin da ake buƙata, ka faɗaɗa gindin da ƙafafu huɗu na bututu mai kusurwa su miƙe a ƙarƙashin ƙasa, ko ka huda ganyayen da zane yadda iska za ta wuce. Hudar nan tana da riba biyu, domin takan zubo inuwa mai zane a kan furanni.

Duk babban aikin ƙarfe da ka gani a tsaye, rabin labarinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Mutum-mutumin ƙarfe mai suna Angel of the North da Antony Gormley ya yi a Gateshead, arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1998, tsayinsa mita 20 ne, fukafukansa mita 54, kuma turakun kankaren da ke riƙe da shi sun nutsa ƙasa kusan tsayinsa. Kai ba a ba ka damar nutsawa ba, dole ka nemi ƙarfinka a faɗi da nauyi.

Akwai wani abu da sabon shiga ba ya sani sai ya gani da idonsa. A lambun baje koli, yawancin shuke-shuke da tukwanensu ake binne su, a rufe bakin tukwanen da ƙasa. Saboda haka faifan gindinka ba zai zauna dab da saman ƙasa ba, sai ya yi ƙasa da santimita 25 ko 30 don tukwane su sami wurin zama a kansa. Ma'ana sandar da ke ɗauke da ganyayen sai ta fi abin da ke zane tsayi da wannan adadin. Ka nemi a rubuta maka inda saman ƙasa zai tsaya bayan an gama, ka auna komai daga nan. Ka kuma yi ramukan noti masu tsawo a zagaye maimakon ƙananan huji, yadda za a iya juya aikin kaɗan hagu ko dama bayan an kafa. Ina tabbatar maka, ranar da bishiyoyi suka shiga, hajiya za ta tsaya a bayan igiya ta ce a ɗan juya shi. Tana da gaskiya kuwa, domin sai a ranar take ganin lambun da idonta.

To, ga zancen ƙarfe.

Masu tsara lambu da yawa launin tsatsa suke so, kuma da dalili: jan ƙasa-ƙasan nan yana zama lafiya da kore, yana tayar da furanni masu shuɗi da shunayya, yana haɗuwa da busasshiyar ciyawa. Ƙarfen da aka sani da wannan shi ne Corten, wanda kamfanin US Steel na Amurka ya fitar a shekarun 1930. Yana ɗauke da ɗan jan ƙarfe, kuromiyom, nikel da fosforos, waɗanda ke sa tsatsarsa ta yi ɓawo mai tauri da ke manne wa jiki ya rage wa ruwa da iska hanyar shiga. Da shi aka yi babban aikin mai zane Picasso da ke tsaye a Chikago tun 1967. Amma ɓawon nan ba ya samuwa sai ƙarfen yana jiƙewa yana bushewa, yana jiƙewa yana bushewa, kuma yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya zauna ya yi duhu. A wata biyar launin ruwan lemo za ka samu, wanda ke goge wa a hannu da tufafi, ruwansa kuma yana rina duk farin dutsen da ya ɗiga a kai. Ka gaya wa hajiya wannan tun yanzu, ta sa tsakuwa mai duhu ko shuka a ƙarƙashinsa.

Idan shi kuka zaɓa, ka saya da wuri. Bayan ka gama walda, ka kai a yi masa feshin yashi a cire baƙin ɓawon da yake fitowa da shi daga masana'anta, in ba haka ba tsatsar za ta fito dabbare-dabbare. Sannan ka fitar da shi waje, ka riƙa fesa masa ruwa da safe ya bushe da rana. Wasu suna hanzarta shi da ruwan khal da gishiri da haidirojin ɗin nan da ake wanke ciwo da shi. Yana yi, cikin awanni launi ke fitowa, amma tsatsa ce mai laushi, kuma sai ka wanke gishirin tas, domin gishiri da saiwar shuka ba sa shiri. Ni na fi son ruwa zalla da haƙuri in akwai lokaci, kai kuwa kana da shi. Ka nemi sandar walda da aka yi wa Corten. Idan ka yi da ta yau da kullum, layin waldar zai iya fitowa da launinsa daban, ya zana maka taswirar duk inda ka haɗa.

Gaskiyar magana, a kwana biyar na baje koli babu mai bambanta Corten da baƙin ƙarfen da ka saba da shi idan an bar shi ya yi tsatsa. Bambancin yana zuwa bayan shekaru: tsatsar baƙin ƙarfe tana ɓarewa tana ci gaba da cin jiki, har sirarin falle ya huje. Saboda haka tambayar da za ta raba gardama ita ce ina aikin zai je bayan an tashi. Idan wani lambu zai koma ya zauna shekaru, Corten ya cancanci kuɗinsa. Shi ma ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya, ko iskar teku mai gishiri, ko zama a cikin danshin ƙasa. Duk lungun da ganye ya haɗu da sanda ka yi masa hujin tsiyayewa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwan da ya kwanta a lungu shi ke fara tsagawar. Ɓangaren da zai shiga ƙasa ka shafe shi da fentin kwalta.

Sitenles wata duniya ce. Abin da ke hana shi tsatsa kuromiyom ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Lamba 304 tana da kusan kashi 18 na kuromiyom da 8 na nikel, ta isa ga yawancin lambuna. Lamba 316 an ƙara mata molibdinom, ita ake nema kusa da teku ko inda akwai ruwa mai kulorin. Yana da kyau idan lambun na ruwa ne ko na fararen furanni, amma ga wanda bai saba ba yana da tarko. Zafi yana murɗa shi fiye da baƙin ƙarfe. Faifan gurza ko burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe, in ya taɓa sitenles, ya dasa masa ƙurar da za ta fito da ɗigon tsatsa bayan ruwan farko, don haka kayan aikinsa daban, kusurwar shagonsa daban. Launin shuɗi da ruwan ƙasa da walda ke bari a gefenta sai an cire shi da man asid na musamman. Sannan ka kiyayi goge shi ya zama madubi idan ganyen yana da zurfi kamar kwano, domin yana tattara hasken rana wuri guda. A 2013 wani dogon bene mai lanƙwasasshen gilashi a titin Fenchurch na Landan ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a ƙasansa. Ƙaramin irin wannan ya isa ya ƙona furen da aka yi shekara ana reno, ko ya kashe idon mai kallo. David Smith, maƙerin ƙarfen ado na Amurka, a manyan ayyukansa na sitenles na shekarun 1960, injin gurza ya riƙa zagayawa da shi a jikin ƙarfen, ya bar zane mai kama haske ya watsa shi ba tare da ya zama madubi ba. Wannan hanya ta fi sauƙi, ta fi ɓoye sawun yatsu, kuma a ganina ta fi zama lafiya da shuka.

Jan ƙarfe yana da laushin hannu, ana buga shi ya ɗauki lanƙwasar ganye fiye da baƙin ƙarfe da sitenles, amma a wannan girma sai dai a yi shi fata a kan ƙashin wani ƙarfe. A nan ake faɗawa rami. Ƙarafa biyu mabambanta idan suka haɗu ga danshi, ɗaya yana cin ɗaya. Mutum-mutumin 'Yanci na New York fatarsa jan ƙarfe ce mai kaurin kusan milimita 2.4 a kan sandunan baƙin ƙarfe, kuma wannan cin ne ya lalata sandunan har aka musanya su da sitenles a gyaran 1984 zuwa 1986. Idan ka haɗa ƙarafa biyu, ka raba su da roba ko leda mai kauri a duk inda za su taɓa juna. In kuma akwai tafki mai kifi a lambun, kada ruwan da ya wanke jan ƙarfe ya gangara ciki, guba ne gare su. Alminiyom kuwa nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, yana da daɗin ɗauka, amma waldarsa tana son hannu na musamman, kuma duk nauyin da ka rage a sama sai ka mayar da shi a gindi.

Da ni ne a matsayinka, da hannun da ya saba da baƙin ƙarfe da wata biyar a gaba, Corten mai kaurin milimita 3 zan ɗauka idan hajiya tana son tsatsa. Idan ba ta so, baƙin ƙarfe zan yi, a tsoma shi a narkakken tutiya, a bi shi da fenti marar ƙyalli mai duhu. Baƙi ko ruwan toka mai duhu yana ja da baya a cikin kore, ya bar siffa kawai, furanni su yi magana. In za ka tsoma a tutiya, ka sani zafin tukunyar ya kai kusan digiri 450, yana iya murɗa sirarin falle mai faɗi. Duk bututun da ka toshe bakinsa sai an huda shi sama da ƙasa, in ba haka ba iskar da ke ciki za ta iya fasa shi a cikin tukunyar, ta hallaka ma'aikata. Ka tambayi girman tukunyarsu kafin ka yanke girman kowane guntu.

Na ce milimita 3, na san za ka ce ya yi siriri ga tsayin mita biyu da rabi. Ɗauki takarda ka riƙe ta a miƙe, za ta sunkuya. Naɗe ta kaɗan a tsawonta, sai ta tsaya. Ƙarfin ganyenka daga lanƙwasa zai fito, da jijiyar tsakiya ta bututu ko sanda mai siririntar kai, ba daga kauri ba. Murabba'in mita biyu na milimita 3 kilo 47 ne, na milimita 6 kilo 94, kuma duk wannan ƙarin a sama yake, inda ba ka son sa. Ka kai a yanka maka da injin leza ko na filasma daga zanen kwamfuta, a lanƙwasa a injin naɗi. Wajen walda jijiya a jikin falle, kada ka ja layi ɗaya daga tushe zuwa tsini, zai janye ganyen ya karkace. Ka ɗiga a wurare, ka yi gajerun layuka kana tsallakawa, kana sauya gefe, kana barin shi ya huce. Bayan ganyen ma ka gyara shi kamar gabansa, domin alƙalai suna shiga cikin lambun su zagaya, ko da 'yan kallo ba sa shiga.

Ka lura da lafiyarka a wannan watanni. Hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar a 2017. Na sitenles ya fi muni saboda kuromiyom, na ƙarfen da aka tsoma a tutiya kuma yana kawo zazzaɓi a daren ranar. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka sa abin rufe hanci na gaske. Lafiyar 'yan kallo ma tana wuyanka: ka dakushe kowane baki har ka iya shafa shi da tafin hannu, kada tsinin ganye ya tsaya daidai idon mutum a gefen hanya, kada ka bar hujin da yatsan yaro zai shiga ya maƙale. In za a sa masa fitila, mai wuta ya haɗa jikin ƙarfen da wayar ƙasa.

A ƙera shi gida huɗu: gindi ɗaya, ganye uku, kowane ganye ya zura cikin soket ɗinsa a ɗaure da noti. Da haka mutum uku ko huɗu za su iya shigar da shi da hannu ko da motar ƙugiya ba ta samu hanya ba, kuma sau da yawa ba ta samu, domin da zarar an dasa manyan bishiyoyi an shimfiɗa dutse, hanya ta rufe. Ka ɗauka cewa ba za ka kunna injin walda ko na gurza a filin ba. Masu shirya taro suna tsaurara izinin aikin wuta, tartsatsi yana ƙona ganye, ƙurar gurza kuma in ta sauka a kan farin dutsen maƙwabcinka, raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar da ita ɗigon tsatsa. Duk abin da za a yi a can ya zama aikin sifana. Ka haɗa shi gaba ɗaya a shago aƙalla mako uku kafin ranar, ka sa wa kowane guntu lamba, ka kira hajiya ta gani, ka kwance, ka sake haɗawa da yaran da za su raka ka. Gindin shi zai fara shiga filin da wuri, a daidaita shi da ma'aunin ruwa; ganyayen su zo daga baya gwargwadon yadda hanya ta bari, a naɗe da bargo, a bar su a naɗe har masu baro su gama zirga-zirga. Mai tsatsa kada ka naɗe shi da leda, gumin da ke taruwa a ciki yana ɓata launin.

Kafin ka sayi ko kilo ɗaya na ƙarfe, ku zauna ku rubuta wa ke da aikin bayan an tashi, wa zai biya mota zuwa da dawowa, wa ke ɗauke da asara in ya lalace a hanya, da kuma ko sunanka zai fito a takardar lambun da ake raba wa jama'a. Wannan na ƙarshen kada ka ji kunyar nemansa. Dubban masu son lambu za su tsaya a gaban aikinka, wasunsu za su tambayi wanda ya yi.

Ranar kwashewa ta fi ranar kafawa hargitsi, kowa ya gaji, motoci sun yi layi. Ka je da kanka, da bargunan da ka zo da su, da sifana biyu. Notin sitenles yana da halin cijewa ya ƙi kwancewa in an ɗaure shi a bushe, saboda haka tun ranar kafawa ka shafa wa zarensa man hana cijewa. Idan aikin ya isa gidansa na dindindin, kada a sake dogara da faifan nan da bulo. An yi su ne don mako biyu ko uku a wurin da ake gadi. Wurin da zai shekara goma, yara suna jingina da shi, guguwa tana dukansa, kankare yake so da ƙusoshin da aka dasa a ciki, da sabon lissafin injiniya a kan ƙasar wannan wurin.